Ƙwallo da Gurbin Karatu: Daga Kwalejin Katsina Zuwa Harvard

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin samarin garin nan namu na Jalingo, musamman masu sammakon zuwa filin wasa na Jolly Nyame, wai idan Allah Ya ba ka ƙafa ko Ya ba ka tsawo, to ka huta da wahalar JAMB, domin jami'a da kanta za ta zo neman ka, in ma da rabo har Amurka. A ɗaya gefen kuma ga masu kwana da littafi, su kuma abin da ake gaya musu shi ne wai manyan jami'o'in Amurka suna da wata ƙofa ta masu sammako, wanda ya tura takardunsa da wuri ya fi na baya damar shiga ninki biyu ko uku. Duka maganganun nan biyu akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne tafiyarsu ɗaya, kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai, domin ɗan wasan da aka riga aka zaɓa shi ne yake kumbura lissafin masu sammakon. Kafin mu kai ga lissafin, bari mu ɗan koma baya, don kuwa wannan auren na ƙwallo da karatu ba yau aka ɗaura shi ba, kuma mu ma nan Arewa mun sha bikin.

A shekarar 1921 ne aka fara karatu a Kwalejin Katsina, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance cikin watan Maris na 1922. A wancan zamanin ita ce ƙololuwar makarantar boko a duk faɗin Arewa, kuma ba kowa ke shiga ba. Daga makarantun larduna ake tsamo yara 'yan kaɗan a tura, galibinsu 'ya'yan sarakuna da hakimai da alƙalai da ma'aikatan En'e. Yaron da ya fito daga nan ƙasar Muri, bayan da aka haɗe ta da Yola a 1926 aka yi Lardin Adamawa, sai ya fara bi ta Yola tukuna kafin a yi maganar Katsina. Ɗan ɗan kasuwa irina kuwa, in da a lokacin aka haife ni, da wuya sunana ya shiga takardar Razdan. Ina can bayan jaki ana koya mini awon gishiri da kanwa.

Turawan da suka riƙe makarantar sun zo da aƙidar manyan makarantun kwana na Ingila, irin su Eton, inda aka yi imani cewa a filin wasa ake gina halin shugabanci. Saboda haka wasa ba zaɓi ba ne, wajibi ne kamar darasin lissafi. An koyar da kurket da ƙwallon ƙafa, da kuma wani wasa da Turawa ke kira Fives, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Wani Baturen malami mai suna Hogben ne ake dangantawa da shigo da shi ƙasar Hausa a shekarun 1920, ya kuwa kama ƙasa, har yau ana buga shi a Katsina da wasu garuruwan Arewa. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi kwalejin daga 1926 zuwa 1931, gwani ne a wannan wasa, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Da makarantar ta koma Kaduna a 1938, daga nan Zariya a 1949, kafin a raɗa mata suna Barewa a 1971, da wannan al'ada ta tafi. Yakubu Gowon a can ya yi suna wajen tsaron gida a ƙwallo da gudun dogon zango da dambe, kuma daga can ya shiga soja a 1954, a lokacin da rundunar soja ke bin irin waɗannan makarantu tana neman samari masu jini a jika da za su zama hafsoshi.

Amma mai karatu ya lura da wani abu. A Katsina ba wasa ne ke shigar da yaro makaranta ba. Gidan da ya fito da lardin da ya turo shi su ke shigar da shi. Sai ya shiga sannan wasa ya zama hatimin da malamai ke dubawa su ce wannan zai iya riƙe jama'a. Amurkawa ne suka ɗauki wannan aƙida ta Ingilishi suka fito da ita daga cikin makaranta suka dasa a bakin ƙofa.

Gasar farko tsakanin jami'o'in Amurka tseren kwale-kwale ce, Harvard da Yale a 1852, kuma wani kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyinta don ya samu fasinja. Ka ga tun ran gini tun ran zane, kuɗi na ciki. Kafin ƙarni ya juya, ƙwallon ƙafarsu irin ta Amurka, wadda rabinta kokawa ce, ta zama abin alfahari da hanyar samun kuɗin ƙofa, jami'o'i na ta farautar ƙarfafan samari ko da karatun bai dame su ba. A 1905 kaɗai 'yan wasa 18 suka mutu a fili, har sai da Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'in ya ja musu kunne, abin da ya kai ga kafa hukumar da a yau ake kira NCAA a 1906.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ya faru a 1922, wato shekarar da Clifford ke buɗe Kwalejin Katsina. A shekarar ce shugaban Harvard na lokacin, Lawrence Lowell, ya fito fili ya nemi a ƙayyade yawan Yahudawan da ake ɗauka, domin sun haura kashi 20 cikin 100 na sababbin ɗalibai, kuma da jarrabawa suka shiga, ba da alfarma ba. Da aka yi masa ca, sai aka bi ta bayan gida: aka ce daga yanzu maki kaɗai bai isa ba, sai an duba hali, da kamala, da jarumtaka, da wasanni, da wasiƙar shaida daga malamai, da kuma ko uban yaro ya yi makarantar. Wani masani, Jerome Karabel, ya yi littafi guda a kan wannan tarihi a 2005. Wato dai tsarin nan na duba ɗalibi gaba ɗayansa da ake ta yabo a yau, asalinsa dabara ce ta tankaɗe wasu a ajiye wasu. A 1954 jami'o'i takwas da ake kira Ivy League suka ƙulla yarjejeniya cewa ba za su biya wa kowa kuɗin makaranta don wasa ba, sai dai don talaucin iyayensa. To amma in ba ka da kuɗin da za ka jawo ɗan wasa, me ya rage maka? Kujera. Kujerar da dubbai ke nema ita ce ladan.

Ga yadda abin yake tafiya. Galibin waɗannan jami'o'i suna ɗiba sau biyu. Akwai ɗaukar sammako, inda ake rufe karɓar takardu wajen 1 ga Nuwamba a ba da amsa tsakiyar Disamba, sai kuma ɗaukar gama-gari, a rufe a farkon Janairu a ba da amsa ƙarshen Maris. A wasu jami'o'in, in aka ɗauke ka a sammako to ka ɗaure kanka, dole can za ka je. Wasu kuma irin su Harvard ba su ɗaure ka, amma sun hana ka yin sammako a wata jami'ar kuɗi irinsu. Shi kuwa koci, tun yaro na aji biyar na sakandare ya san da shi. Ya ga faifan wasansa, ya san lokacin da yake gudu, ya karɓi sakamakonsa ya kai ofishin ɗaukar ɗalibai an duba an ce masa wannan zai wuce, wannan ba zai wuce ba. Kowane koci na da 'yan kujerun da aka ware masa. Wanda ya shiga jerinsa sai a ce masa: tura takardunka a sammako. Wasu ma tun a Oktoba ake aiko musu da wasiƙar kwantar da hankali, cewa in dai ba wani abu ya ɓaci ba, an ɗauke su. Dalilin kocin a fili yake: yana son ya kama yaron kafin wata jami'a ta fizge shi.

Yanzu ga lissafi. A Disamban 2022, mutum 9,553 suka nemi Harvard a sammako, aka ɗauki 722, wato wajen kashi 7 da rabi cikin 100. Da aka gama ɗibar shekarar gaba ɗaya, mutum 56,937 suka nema aka ɗauki 1,942, bai kai kashi 3 da rabi ba. Duk wanda ya kalli alƙaluman nan zai ce ai sammako ya ninka dama. To amma Harvard na da ƙungiyoyin wasa 42, kowace kuma tana buƙatar sababbin jini duk shekara, kuma yawancinsu a cikin 722 ɗin nan suke.

Bari in kawo misali daga inda na fi sani. Ka je kasuwar Iware ka ga an sauke shanu ɗari, masu saye ɗari huɗu, sai ka ce a ranka kowane mutum huɗu ɗaya zai koma da sa. Abin da ba ka sani ba shi ne talatin daga cikin shanun nan tun a ruga dillalai suka yi musu miji, an biya kafin alƙalami, zuwansu kasuwa shaida ce kawai. Haka abin yake. A ƙaddara wata ƙaramar kwaleji, wannan misali ne kawai na ƙirƙira don a gane, mutum 2,000 suka yi sammako ta ɗauki 500. A takarda kashi 25 ke nan. In 150 daga ciki 'yan jerin koci ne, to saura kujera 350 ga mutum 1,850, ya sauko ƙasa da kashi 19. In ka sake cire 50 na 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da na masu ba da gudummawar kuɗi, saura 300 ga mutum 1,800, bai kai kashi 17 ba. Kuma gwargwadon ƙanƙantar makaranta, gwargwadon girman wannan gibin, domin ƙungiyar ƙwallon ƙafa mutum goma sha ɗaya ce a fili ko ɗaliban makaranta dubu biyu ne ko dubu hamsin.

Ba ina cewa sammako banza ba ne. Wasu masana uku, Avery da Fairbanks da Zeckhauser, sun yi bincike suka fitar da littafi a 2003, inda suka nuna cewa ko bayan an yi la'akari da sauran bambance-bambance, yin sammako na daidai da ƙarin maki kusan 100 a jarrabawar SAT. Da sanyin safiya ake kama fara, ba musu. Sai dai farar ba ta kai yawan da ake zuzutawa ba. Sannan wa ya san da ƙofar ma? Yaron da makarantarsa ke da mai ba da shawara, wanda iyayensa ba su buƙatar jiran su kwatanta tallafin wannan jami'a da na waccan. Ita kanta Harvard ta faɗi haka a 2006 ta soke ɗaukar sammako, Princeton ta bi bayanta, amma da suka ga sauran sun ƙi bi kuma ana kwashe musu zaratan ɗalibai, sai suka dawo da ita a 2011.

Da can duk wannan zargi ne da raɗe-raɗi, sai da wata ƙungiya ta kai Harvard kotu kan zargin danne 'yan asalin Asiya, aka yi shari'a a 2018, alƙali ya sa aka buɗe kundin ɗaukar ɗalibai na shekara shida. Masanin tattalin arziki Peter Arcidiacono na Jami'ar Duke, wanda shi ne gwanin masu ƙara, ya tace alƙaluman. Abin da ya fito: ɗan wasan da koci ya zaɓa, kashi 86 cikin 100 ana ɗaukarsa. Ɗan tsohon ɗalibi, wajen ɗaya cikin uku. Wanda ba shi da kowa kuwa, bai kai kashi 6 ba. A cikin fararen fatar da aka ɗauka, kashi 43 ko dai 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikatan jami'ar, ko waɗanda sunansu ke cikin jerin na musamman na shugabanni. Don adalci, wannan kashi 86 ɗin ba abin mamaki ba ne sosai, tunda an riga an tace yaran kafin su tura takarda. Wanda ba zai wuce ba tun farko koci ya sallame shi. Amma ai wannan ne ma ainihin maganar: su ba layi suke bi ba, sun zo karɓar abin da aka ajiye musu ne.

Mu nan idan aka ce ɗan wasa, abin da ke zuwa mana a rai shi ne ɗan talakan da ƙwallo ta fitar da shi daga ƙangi. A waɗancan jami'o'i ba haka ba ne. Mafi yawan ƙungiyoyin nan 42 ba na ƙwallon kwando ba ne. Akwai tseren kwale-kwale, da wasan takobi, da sikwash, da golf, da zamiyar ƙanƙara, da tuƙin jirgin ruwa na iska. Wasannin da sai ubanka na da abin hannu za ka ma gan su da ido, kamar dai ƙwallon dawaki a Katsina ko Kaduna: wa ya taɓa ganin ɗan mai shayi a kan dokin folo yana riƙe da sanda, in ba a matsayin mai yi wa dokin wanka ba? Wani bincike da Raj Chetty da abokansa suka fitar a 2023 ya nuna cewa a irin waɗannan jami'o'i, cikin 'ya'yan attajirai na sama-sama ɗaya cikin takwas ta ƙofar wasa ya shiga, a cikin 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kuwa ɗaya cikin ashirin. A watan Yunin shekarar ce Kotun Ƙolin Amurka ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma ƙofar koci da ta 'ya'yan tsofaffin ɗalibai hukuncin bai taɓa su ba.

Kuma duk inda aka bar ƙofa ba mai gadi sai ɓarawo ya gano ta. A Maris 2019 aka gurfanar da mutum 50 a wata badaƙala da wani mai suna Rick Singer ya jagoranta. Iyaye sun ba shi kusan dala miliyan 25 cikin 'yan shekaru, shi kuma yana sayen koci-koci a Yale da Stanford da Georgetown da Jami'ar Kudancin Kalifoniya, su sa sunan yaran da ba su taɓa yin wasan ba a jerinsu. Har hoton kan yaro ake ɗorawa a jikin wani ɗan wasa da kwamfuta. Wata 'yar fim, Lori Loughlin, da mijinta sun biya dala 500,000 aka shigar da 'ya'yansu mata biyu a matsayin masu tuƙin kwale-kwale, ta kuwa sha ɗaurin wata biyu. Da na karanta labarin sai na ce ashe ba mu kaɗai ba ne, sai dai su in an kama ka ana ɗaurewa.

To mu dawo gida. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Zariya a 1962, a 1966 kuma aka yi gasar wasannin jami'o'in Najeriya ta farko, wato NUGA, a Ibadan. Samaru ta zama cibiyar ƙwallon kwando a Arewa saboda wani Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda kowa ke kira Koci OBJ, da ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara a filin jami'ar. A hannunsa Masai Ujiri ya tashi, yaron Zariya da ya tafi Amurka ya yi wasa a wata ƙaramar kwaleji a Bismarck ta jihar Dakota ta Arewa, daga baya ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Shi kuwa Hakeem Olajuwon, ɗan Legas ne, amma a Sakkwato ya fara shiga gasar ƙwallon kwando, a wani bikin wasanni na makarantun horon malamai, alhali shi ɗan ƙwallon hannu ne. A 1980 ya sauka Jami'ar Houston, a 1984 aka zaɓe shi na ɗaya a NBA, gaban Michael Jordan. Bayansu da gabansu akwai 'yan tsere da dama: Innocent Egbunike da Christian Okoye a Azusa Pacific, Chidi Imoh da Yusuf Alli a Missouri, Mary Onyali a Texas Southern, har zuwa Tobi Amusan da ta bi ta El Paso kafin ta kafa tarihin duniya a 2022.

Sai dai a nan ne samarinmu ke haɗa hanya biyu su mai da su ɗaya. Duk waɗannan da na lissafa ta hanyar sukolashif na wasa suka tafi, inda jami'a ke biya maka karatu don ka ciyo mata kofi. Wannan hanya daban take da ta Harvard da 'yan uwanta, inda ba a biyan ka don wasa, kuma sai sakamakonka ya kusa da na sauran ɗalibai kafin koci ya iya sa baki. Ko a hanyar farkon ma, sai ka nuna takardar WAEC ko NECO mai kyau hukumar NCAA ta tantance. Sannan a dubi sunayen nan da kyau: ina namu? Tsohuwar Jihar Bendel ta yi zarra ne saboda Gwamna Samuel Ogbemudia ya gina sansanin horo a Afuze ya mai da wasan makarantu abin yi. Mu kuwa yaro in ya cika zuwa fili sai a ce ya lalace, wanda ya iya wasan kuma galibi ya riga ya bar aji. Dambe da kokawa da langa da muka gada, babu jami'ar da ke ajiye musu kujera.

A cikin gida kuma namu tsarin ajiyar kujera ya fi nasu fitowa fili, don a rubuce yake. Tun da aka kafa JAMB a 1978 ake fama da yadda za a raba gurbi. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewayen jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, waɗanda Taraba na cikinsu tare da Kano da Katsina da Sakkwato. A da akwai kashi 10 da ake bar wa hukumar jami'a ta yi yadda ta ga dama, kuma ta irin wannan kafa ce ɗan wasa kan shiga, tare da ɗan malami da ɗan mai unguwa da ɗan wanda ya san wani. Bambancinmu da Amurka shi ne ɗan wasan namu bai taɓa cin kujeru masu yawa ba. 'Yan tsiraru ne, kuma an fi tunawa da su idan NUGA ta ƙarato. Shi ya sa ƙorafin da aka daɗe ana yi a gasar ba na ɗan wasa ya ƙwace gurbin mai ƙoƙari ba ne, na sojojin haya ne, wato a ɗauko ƙwararre daga gari a ba shi katin ɗalibi na mako biyu. Tun daga 2017 da JAMB ta kawo tsarin CAPS, inda kowane gurbi sai ya bi ta kwamfutarta, ƙofar alfarma ta ƙara ƙuntata, ko da yake ban ce ta rufe ba.

Amma lissafin shanun Iware yana nan daram a wurinmu. A 2025 mutum kusan miliyan biyu suka zauna jarrabawar JAMB. In ka ji an ce sashen likitanci na wata jami'a zai ɗauki mutum ɗari da hamsin, kada ka raba da yawan masu nema ka ce ga damarka. Cire na masu shiga aji biyu kai tsaye, cire na 'yan IJMB da 'yan makarantar share fage irin ta Funtuwa, waɗanda su ne masu sammakonmu, sannan abin da ya saura a yanka shi 45 da 35 da 20. Irinmu kuma da aka haifa a nan, muka yi firamare da sakandare a nan, amma kakanni daga wani gari suka zo da fatauci, akwai wata tambaya da ke jiranmu a kan fom: jihar asali. Ka rubuta inda aka binne cibiyarka a ce kawo takardar ɗan ƙasa, ka rubuta garin kakanka a ce ba a san fuskarka ba. Mu ma fa ba mu da bakin zagin Harvard sosai, domin a 2013 da aka fitar da makin shiga makarantun sakandare na tarayya, yaro namiji daga Anambra sai ya ci 139, na Taraba kuwa 3. Na san dalilin tarihi da ya kawo haka, ina ma goyon bayan a ɗaga wanda aka bari a baya, amma kujerar da aka ajiye wa wani, a Zariya take ko a Amurka, wani ne ya rasa ta, kuma ya kamata a riƙa gaya wa masu nema gaskiyar adadin da ya rage a kasuwa.

Akwai wani abu da mutanen Kenya suka yi da nake ganin ya shafe mu nan Taraba fiye da kowa. A 2004 Mike Boit, wanda ya ci tagulla a tseren mita 800 a gasar Olamfik ta 1972, da wani ɗan jarida Ba'amurke, John Manners, suka kafa shirin KenSAP. Sun fahimci yadda ƙofar koci ke aiki, sai suka ce maimakon su tsaya zagi bari su yi amfani da ita. Suka riƙa tattara 'ya'yan talakawan ƙauye da suka fi kowa cin jarrabawar gama sakandare, a gwada su da tseren mita 1,500, a koya musu SAT da cika fom, sannan a tura takardunsu manyan jami'o'i. Karatun ne gaba, gudun ƙari ne, kuma da yawansu sun shiga Harvard da Yale da Princeton da cikakken tallafi. Garin Iten da ya yi suna wajen fitar da 'yan gudu yana kan tudu mai tsayin mita 2,400. Mu kuma muna da tsaunin Mambila, wanda ya haura mita 1,500, ga Gembu ga Nguroje, ga yara masu hawa da sauka a ƙafa tun suna 'yan firamare, ga kuma Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008 da ta tarayya a Wukari tun 2011.

Gaskiya ne hanyar Amurka ta ƙara tsauri, domin a Disamban 2025 gwamnatinsu ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai. Amma ko a can ko a nan gida, abin da koci ke fara tambaya guda biyu ne: nawa yaron ya ci a jarrabawa, kuma minti nawa ya yi a gasar da hukuma ta shaida. Na farkon muna da takardarsa. Na biyun kuwa sai an shata fili, an samu alƙali da agogon awo, an rubuta sunan yaro da shekarunsa na gaskiya da lokacin da ya yi, an ajiye a inda wani zai iya dubawa baɗi.